Selman Waksman: Masanin da ya tono maganin tarin fuka daga turɓaya

Kafin 1943, wanda tarin fuka ya kama ba shi da abin dogaro sai hutu, iska mai kyau da abinci mai gina jiki. Wanda ya jagoranci sauya wannan hali masanin ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ne mai suna Selman Waksman.

An haife shi a 1888 a wani ƙaramin gari da ke ƙasar Yukren ta yau, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1910. Ya karanci aikin gona a Jami'ar Rutgers, ya sami digirin digirgir a Kalifoniya a 1918, sannan ya koma Rutgers ya shafe shekaru yana nazarin yadda ƙananan halittun cikin turɓaya ke kashe junansu.

A 1943, ɗalibinsa Albert Schatz ya ware streptomycin daga ɗaya daga cikin waɗannan halittu, kuma shi ne magani na farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Schatz ya maka malaminsa a kotu a 1950 kan haƙƙinsa, aka sasanta tare da amincewa da shi a matsayin abokin ganowa. Duk da haka, Waksman kaɗai aka bai wa kyautar Nobel a 1952.

Murnar ba ta daɗe ba. A gwajin da aka wallafa a Birtaniya a 1948, an tarar da ƙwayoyin cuta masu bijire wa maganin a jikin marasa lafiya 35 daga cikin 41 da aka auna. Daga baya masana suka gano dalili: cikin miliyoyin ƙwayoyin cutar da ke huhu, ba a rasa 'yan ƙalilan da suka samu sauyi a ƙwayar gadonsu mai suna rpsL, sauyin da ke hana maganin kama su. Magani ɗaya kan kashe saura, waɗannan kuwa su hayayyafa.

Daga nan likitoci suka koma haɗa magunguna, domin da wuya ƙwayar cuta ɗaya ta bijire wa duka lokaci guda. Yau magunguna huɗu ake fara bayarwa, jinyar kuma ta ɗauki wata shida. Idan aka katse ta, sauyi a katG da rpoB kan karya ƙarfin isoniazid da rifampicin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 400,000 ne suka kamu da tarin fuka mai bijire wa rifampicin a 2023, Najeriya kuma na cikin ƙasashen da abin ya fi shafa.

Waksman ya rasu a ranar 16 ga Agusta, 1973, yana da shekara 85.