Francis Bitter (1902–1967): Masanin da Ya Shawo Kan Zafin Maganaɗisu

An haifi Francis Bitter a jihar New Jersey ta Amurka a 1902, ya kuma sami digirin digirgir a Jami'ar Columbia. A zamaninsa, zafi ne ke ci wa masu ƙera maganaɗisun lantarki tuwo a ƙwarya: da an ƙara wuta, sai waya ta narke. Bitter, wanda ya koma cibiyar MIT a 1934, ya maye gurbin naɗaɗɗiyar waya da faya-fayan jan ƙarfe masu huda, waɗanda ruwa ke ratsawa yana kwashe zafin. Da wannan dabara ya kai ƙarfin tesla 10 kafin 1940.

Ya rasu a 1967, amma faya-fayansa ba su tsufa ba. Maganaɗisun gamin gambiza na Tallahassee, wanda ya kai tesla 45 a 1999, kashi biyu ne. A waje akwai daskararriyar waya da lantarki ke bi ba turjiya, wadda ƙarfinta ke da iyaka. A tsakiya kuwa, ingantattun faya-fayan Bitter ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin.