Alfred Marshall: Malamin da ya kwatanta farashi da yankan almakashi

Duk ɗalibin da ya fara karatun tattalin arziki a jami'a zai ci karo da wani zane: layi biyu da suka gitta juna, ɗaya na buƙatar masu saye, ɗaya na kayan da masu sayarwa ke fitarwa. Inda suka haɗu, nan farashi yake tsayawa. Ba Alfred Marshall ne ya fara zana shi ba, amma littafinsa ne ya shigar da shi azuzuwa.

An haife shi a Landan ranar 26 ga Yulin 1842. Mahaifinsa, ma'aikacin Babban Bankin Ingila, ya so ya zama limamin coci, shi kuwa lissafi ne ya ɗauke masa hankali. Da rancen da baffansa ya ba shi ya tafi Jami'ar Cambridge, inda ya zo na biyu a jarrabawar lissafi ta 1865.

Talauci ne ya karkatar da shi ga tattalin arziki. A lokutan hutu yakan zaga unguwannin marasa galihu na biranen Ingila yana duban fuskokin mazauna, yana neman sanin ko dole ne wasu su dawwama cikin ƙunci.

A zamaninsa masana na musu kan abin da ke yanke farashi: kuɗin da aka kashe wajen samar da kaya, ko amfanin da mai saye ke gani a cikinsu. A littafinsa Principles of Economics na 1890, Marshall ya kwatanta musun da gardama kan wane baki na almakashi ne ke yanka takarda. Ya kuma nuna cewa lokaci ne ke bambanta ƙarfinsu. Kifin da ya riga ya iso kasuwa yau ba ya ƙaruwa, don haka buƙata ce ke yanke kuɗinsa. Amma cikin shekaru masunta na iya ƙera sababbin jirage, sai farashin ya karkata ga tsadar kamun kifin.

Shi ne kuma ya raɗa wa ma'aunin da ke nuna yadda ciniki ke sauyawa idan farashi ya motsa sunan da ake koyarwa har yau. Gishiri ko ya yi tsada ba a fasa sayensa, kayan ƙawa kuwa nan da nan ake haƙura da su. Duk da gwanintarsa a lissafi, ya tura yawancinsa ƙasan shafi da ƙarshen littafi domin 'yan kasuwa ma su iya karantawa.

Rayuwarsa ba ta rasa abin suka ba. A 1877 ya auri ɗalibarsa Mary Paley, auren da ya sa ya bar muƙaminsa a kwalejinsa saboda dokar da ta hana malamanta aure. Tare suka wallafa littafi a 1879, amma daga baya ya yi adawa da bai wa mata digirin Cambridge.

A 1903 ya yi nasarar mayar da tattalin arziki fannin digiri mai zaman kansa a jami'ar, kuma cikin ɗalibansa akwai John Maynard Keynes. Ya mutu ranar 13 ga Yulin 1924, bai kammala juzu'i na biyu da ya yi alkawari ba.