Marigayi Baba Yara Na Kumasi

An haifi Usman Seidu, wanda aka fi sani da Baba Yara, a Kumasi cikin 1936. Ya shiga ƙungiyar Asante Kotoko a 1955, yana buga gefen dama, kuma a shekarar nan yana cikin 'yan ƙwallon da suka ci Nijeriya 7 ba ko ɗaya.

Ran 24 ga Maris 1963 motar ƙungiyar Real Republikans, inda ya koma, ta yi haɗari, lakarsa ta taɓu. An kai shi asibiti Ingila, amma bai ƙara tsayawa da ƙafafunsa ba. Abin tausayi, a ƙarshen shekarar Gana ta ci Kofin Afirka ba da shi ba. Ya rasu a 1969 yana da shekara 32. Daga baya aka sa wa babban filin wasan Kumasi sunansa.