Labarin Malam Abdullahi na Gwandu da nauyin da zato yake ɗora wa zuciya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ku sani, ya 'yan'uwa almajirai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami da tsufana, ga ido ya yi rauni, shi ne wani ɗana na ɗarika ya zo zaurena a Sabon Gari bayan la'asar, duk ya rame. Na tambaye shi ko ciwo ne, ya ce ba ciwo. Wani ɗan'uwansa ne mazaunin Samaru, wanda suke haɗa gwiwa a wazifa, ya wuce shi a bakin kasuwa bai amsa masa sallama ba. Tun ran nan yake juya abin cikin ransa, yau ya ce girman kai ne, gobe ya ce hassada ce, har barci ya ƙaurace masa, lazimi ya zama motsin harshe kawai. Sai na ba shi labarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah shi yi masa rahama, na kuma ga ya kamata in rubuta shi domin sauranku. Shi Baƙadire ne, amma cutar zuciya ba ta tambayar wuridin mutum.

An haife shi wajen 1766, ƙanen Shehu Usmanu ne da shekara goma sha biyu ko kusa da haka. A hannun Shehu ya yi mafi yawan karatunsa, ya kuma ɗauka wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Shi ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto a 1804. Ba zancen yaƙi nake nufi ba, don haka na wuce.

A 1807 zuciyarsa ta yi nauyi. Shi da kansa ya ba da labarin cikin Tazyinul Waraƙati: abokansa na farko, ma'abota ilmi da tsoron Allah, yawancinsu sun yi shahada, waɗanda suka saura kuwa ya ga da yawa sun karkata ga dawaki da tufafi da neman sarauta. Abin da ya gani gaskiya ne, kada wani ya ce malam ya munana zato. Amma ku dubi abin da ganin ya yi masa. Ya bar runduna tana kan hanyar Alkalawa, ya fuskanci gabas da niyyar Makka da Madina, ba da nufin komowa ba. Da ya iso Kano mutanenta suka tsare shi da roƙo, shi kuwa ya ga abin da ya gudo dominsa yana nan a cikinsu. Ashe ɗan Adam yana gaba, yana baya. Sai ya zauna, ya karanta musu tafsiri, ya wallafa musu Diya'ul Hukkami, sa'an nan ya koma wurin Shehu. Ni a ganina nan ne ya musanya tunanin aibin mutane da tunanin abin da zai amfane su, nauyin kuwa ya ragu har ya iya juyawa.

Jarrabawa ta biyu ta fi zafi, domin daga cikin gida ta fito. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817. Masu tarihi suka ruwaito Malam Abdullahi ya taso daga Boɗinga, ya tarar an rufe ƙofofin gari, an riga an yi wa ɗan wansa Muhammadu Bello mubaya'a. Ya juya, ya nufi Gwandu. Kai almajiri da aka ƙi amsa wa sallama, auna naka da wannan. Mutumin da ya bi Shehu tun yana yaro, ya fi kowa sanin fiƙihu da lugga a zamaninsa, ga shi tsaye bayan ganuwa. Wane irin waswasi ne Shaiɗan ba zai kawo ba a irin wannan tsayuwa?

Shekaru suka shuɗe tsakaninsu da sanyi. Ba mu ji ya ɗaga tuta a kan Bello ba. Sai mutanen Kalambaina, ragowar jama'ar Abdussalami, suka yi tawaye kusa da Gwandu wajen 1820, abin ya yi wa malam tsanani. Bello ya taso da runduna ya taimake shi, aka ci garin. Da suka haɗu a kan dawaki, Bello ya yi haramar sauka domin girmama baffansa, malam ya yi masa ishara ya zauna, shi ya sunkuya ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Kowannensu ya riga ɗan'uwansa kyautata zato, abin da aka ɗauka shekaru ya sauka cikin sa'a guda.

Bayan wannan ya bar yawancin al'amarin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya koma ga karantarwa da wallafa, cikinsu har da littattafan gyaran zuciya irin Tahzibul Insani. Ya rasu a Gwandu a 1245 ta Hijira, wato 1829, kabarinsa yana can ana ziyara.

Ɗan nan nawa kuwa, na ba shi goro biyar, na ce ya hau mota zuwa Samaru tun rana ba ta faɗi ba. Ya tarar da ɗan'uwansa a gida yana jinyar mahaifiyarsa, ran nan ma magani ya shigo saye, bai ko gan shi ba. Suka yi magariba tare.

Tammat bi hamdillahi.