André Jullien

André Jullien (1766 – 1832) ɗan kasuwar giyar inabi ne kuma marubuci ɗan ƙasar Faransa. Yana cikin mutanen farko da suka jera giyar inabi ta ƙasashen duniya aji-aji bisa ingancinta.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Chalon-sur-Saône da ke yankin Burgundi. Daga baya ya koma birnin Faris, inda ya shiga cinikin giya a kan sari. A can ne ya ƙirƙiro wani gari da ake zubawa a ganga domin giya ta washe. A shekarar 1813 ya wallafa Manuel du sommelier, jagora ga masu kula da ɗakin ajiyar giya.

Babban littafinsa

A zamaninsa mai saye ya dogara ne da bakin dillali, kuma kowane yanki yana yabon kayansa. Jullien ya fitar da Topographie de tous les vignobles connus a shekarar 1816, inda ya bi gonakin inabi na Faransa lardi-lardi, sannan ya haɗa da na ƙasashen waje. Ya raba giyar zuwa aji biyar, daga mafi daraja zuwa wadda ake sha yau da kullum. Wannan ya ba ɗan kasuwa damar kwatanta giyar wani yanki da ta wani a kan ma'auni ɗaya kafin ya zuba kuɗinsa. A yankin Bordo, ya sa Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion a sahun gaba.

Mutuwa da tasiri

Ya mutu a Faris a shekarar 1832, lokacin annobar kwalara. A 1855, da aka shirya baje kolin duniya a Faris a mulkin Napoleon na Uku, dillalan Bordo sun tsara jan giyar yankin a aji biyar bisa suna da farashi, kuma gonakin nan huɗu ne suka hau aji na ɗaya.

Jullien bai yi amfani da maki ba. Aji yana nuna darajar gona ta tsawon shekaru, shi kuwa tsarin maki 100 da Ba'amurke Robert Parker ya yaɗa daga 1978 yana nuna hukuncin mai ɗanɗano a kan giyar shekara guda.