Malam Abdullahin Gwandu: An Rufe Masa Ƙofa, Bai Ɓalle Ta Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗalibi, da ku iyaye da ake karanta muku wannan a gida, bari mu fara da tambaya. Ka taɓa shan wahalar wani abu, kana ganin ba wanda ya kai ka cancanta, amma ranar zaɓe sai ka ji an kira sunan wani? Wataƙila shugabancin aji ne, ko wakiltar makaranta a musabaƙa. Ga manya kuwa, wataƙila limanci ne, ko sarauta, ko ƙarin girma a wurin aiki. Yaya zuciyarka ta yi a wannan rana? To, a filinmu na tarihin magabata na wannan fitowa za mu kawo maka labarin wani bawan Allah da irin wannan ta same shi, kuma abin da ya wuce shi ba ƙaramin abu ba ne, shugabancin daula ne sukutum. Shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Gwandu, Allah Ya jiƙansa.

Tasowarsa da karatunsa

An haifi Malam Abdullahi wajen shekarar 1766 (1180 Hijira), wato Shehu ya girme shi da kamar shekara 12. Ya yi karatun Alƙur'ani a wurin mahaifinsu, Malam Muhammadu Fodiyo. Yana da shekara 13 aka danƙa shi a hannun wansa. A wurin Shehu ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala da Ishiriniya da Ajuruma. Ka ga ke nan, littattafan nan da ke cikin jakarka su ne shi ma ya fara da su. Daga nan ya yi ta bin malamai, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, har ya zama gwani a nahawu da sarfu da fiƙihu da tafsiri da waƙen Larabci. Shi da kansa ya jera sunayen malamansa a littafinsa Ida'un Nusukhi.

Bai rabu da wansa ba. Duk inda Shehu ya sa ƙafa don wa'azi, ko Kabi ko Zamfara, Abdullahi na biye da shi, yana karantarwa, yana rubuta wasiƙu, yana mayar da martani ga masu suka. Shekaru sama da 20 suka yi a haka, ba sarauta, ba albashi.

Nauyi ya hau kansa

A watan Fabrairu na 1804 (1218 Hijira) zama ya gagara tsakanin Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, sai Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Abdullahi ne farkon wanda ya miƙa hannu, sannan Muhammadu Bello ɗan Shehu. Daga ranar nan malamin nahawu ya zama waziri, ya kuma zama jagoran runduna. A watan Yuni na wannan shekara shi ya jagoranci Jama'a a Tabkin Kwatto, inda suka rinjayi rundunar Gobir duk da ta fi su dawaki da makamai. A 1805 kuma yana kan gaba aka ci Birnin Kabi.

Kada ka ɗauka nasara ce kullum. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, Jama'a sun yi asarar mutane kamar 2,000, cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kamar 200. A Alwasa ma, a 1805, an sha kashi. Ga yunwa, ga cuta, ga marayu da zawarawa. Duk wannan kaya a kan su Malam Abdullahi yake. Amma abin da ya fi ci masa rai ba daga abokan gaba ya fito ba, daga cikin gida ne.

Ranar da ya bar runduna

Mutanen kirki da aka faro tafiyar da su sun yi ta ƙarewa a fagen fama. Waɗanda suka cike gurbinsu kuwa, da yawansu idonsu na kan ganima da muƙami da tufafin ƙawa. Malam Abdullahi mutum ne mai tsauri a kan shari'a, ba ya iya ganin ɓarna ya kau da kai. Ya yi faɗa, ya yi wa'azi, abin bai canza ba. Kai, har kansa ma bai ƙyale ba, ya riƙa tuhumar zuciyarsa ko ita ma ta fara karkata.

A shekarar 1807, ana kan hanyar zuwa yaƙar Alƙalawa, babban birnin Gobir, sai ya yanke shawara. Ya zame daga runduna shi da abokansa biyar, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Ya ba da labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙati, cewa sun yi kwana uku a daji ba su ga mutum ba, sai sawun giwaye.

Tsaya nan ka lura, ya ɗan'uwa. Mutum ne mai mabiya, mai suna, wanda ya ci yaƙe-yaƙe. Da ya so, da ya ja rabin runduna ya kafa tasa tuta. Bai yi ba. Da ransa ya ɓaci, kansa kaɗai ya janye, bai ja kowa cikin fushinsa ba.

Da ya iso Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, sai mutanen gari suka tare shi, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Da farko ya ƙi, domin ya ga irin abin da ya gudo dominsa a nan ma akwai shi. Suka nace. Sai ya zauna ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, ya kuma karantar da su tafsirin Alƙur'ani. A nan zuciyarsa ta sauka. Ya gane cewa barin aiki ba ya gyara aiki, kuma in masu tsoron Allah duk suka tafi, wa za a bar wa talakawa? Ya fasa tafiyar, ya koma wurin wansa, ya sake ɗaukar kayan da ya ajiye.

Ƙofar Sakkwato

Alƙalawa ta faɗi a 1808. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa: yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Bello. Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, kusa da Sifawa inda Shehu yake a lokacin. Duk da hidimar mulki bai ajiye alƙalami ba. A waɗannan shekaru ne ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, wanda daga baya aka buga shi a Alƙahira cikin juzu'i huɗu.

A watan Afrilu na 1817 (1232 Hijira) Allah Ya yi wa Shehu rasuwa a Sakkwato. To, wa zai gaje shi? In ka duba ta fuskar shekaru, Abdullahi ya haura 50, Bello kuwa yana da kamar 36. In ta fuskar ilimi ne, shi Bellon ma ya yi karatu a gaban baffan nasa. In ta fuskar wahala ce, shi ne farkon mai mubaya'a, shi ne waziri. Amma manyan da ke Sakkwato sun ga dacewar Bello, wanda shi ya gina garin, kuma shi ma malami ne, jarumi, masanin siyasar mutane. Suka yi masa mubaya'a ba tare da ɓata lokaci ba, don gudun rabuwar kai.

Masu tarihi sun ruwaito cewa da Malam Abdullahi ya taso daga Boɗinga da jama'arsa, sai ya iske an rufe ƙofar gari. Ka kwatanta abin a ranka. Wanka da ya rene ka ya rasu, ka zo da hawaye a ido, ga mahaya a bayanka suna jiran ka ɗaga hannu kawai, ga ƙofa a rufe. Mutum nawa ne za su iya haɗiye wannan?

Malam Abdullahi ya juya linzamin dokinsa, ya nufi Gwandu.

Ba za mu ɓoye maka ba, abin ya yi masa ciwo, domin shi ma ɗan Adam ne. Shekaru suka shuɗe tsakaninsa da ɗan wansa ba wata hulɗa sosai. Amma bai tara runduna ba, bai aika wa sarakunan gabas su juya wa Bello baya ba, ba a zubar da jinin Musulmi ko ɗaya a kan haƙƙinsa ba. Ka tuna kuwa, a daidai lokacin daular tana rawa. Da jin rasuwar Shehu wurare da dama suka yi tawaye, har da Abdussalami a Kware, wanda tsohon almajirin Shehu ne. Da a ce baffa da ɗa sun zare wa juna takobi a wannan hali, da aikin shekara 40 ya rushe cikin 'yan watanni.

Haɗuwar Kalambaina

Bayan an murƙushe tawayen Kware, sauran mutanen Abdussalami suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka matsa wa Malam Abdullahi lamba. Wajen shekarar 1821 Sarkin Musulmi Bello ya taso da rundunarsa don taimakon baffansa. Suka haɗa ƙarfi, aka ci garin.

Bayan ƙura ta lafa sai mutanen biyu suka fuskanci juna a kan dawakai, jama'a na kallo. An ruwaito cewa Bello ya yunƙura zai sauka don girmama baffansa, sai Malam Abdullahi ya yi masa ishara da ya zauna, shi kuma ya sunkuya ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Sannan ya tuɓe alkyabbarsa ya ba Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, alamar ya sallama masa wazirci. Ka ga ƙarami ya ba girma haƙƙinsa, babba kuma ya ba shugabanci haƙƙinsa. A nan aka binne maganar.

Ƙarshen rayuwarsa

Daga nan Malam Abdullahi ya bar yawancin hidimar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari, ya koma ga abin da ransa ya fi so tun yana yaro, wato karantarwa da rubutu. Ya bar littattafai masu yawa. Ban da waɗanda muka ambata akwai Kifayatu Lu'afa'is Sudan, tafsiri mai sauƙi don ɗalibai, da Bahrul Muhiɗi a nahawu, da Hisnur Rasini a sarfu. Ya rasu a Gwandu wajen shekarar 1829 (1245 Hijira), kabarinsa na can. Sarakunan Gwandu daga zuriyarsa suke, kuma babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sunansa aka sa masa. Garin da aka taɓa rufe masa ƙofa, ga shi ɗalibai na shiga ƙofa mai ɗauke da sunansa.

Abin da za ka riƙe

Ya kai ɗalibi, kada ka zaci mai natsuwa shi ne wanda ba ya jin zafi. Malam Abdullahi ya ji zafi har ya shiga daji, ya ji zafi har ya yi shekaru a gefe. Natsuwarsa ita ce bai bar zafin ya riƙe masa linzami ba. Duba abubuwa uku da ya yi.

Na farko, in ransa ya ɓaci yakan ja da baya, ba ya yanke hukuncin da zai cuci wasu yana cikin fushi. Kai ma in an ɓata maka, yi shiru, yi alwala, bari gari ya waye kafin ka buɗe baki.

Na biyu, yana da abin riƙo wanda ba mai iya ƙwace masa. Muƙami mutane ke bayarwa, su kuma ke hanawa. Amma ilimin da ke ƙirjinsa ba shi da ƙofar da wani zai rufe. Wanda duk darajarsa ke rataye a kujera, ranar da aka ja kujerar sai ya faɗi. Saboda haka ka dage da karatunka.

Na uku, da lokacin sulhu ya zo bai ce shi ne babba sai an durƙusa masa ba. Ku iyaye, wannan taku ce. Gida nawa ne suka watse a kan gado ko sarauta ko limanci, wa da ƙane ba sa ga maciji, 'ya'yansu sun tashi ba su san juna ba? In akwai irin wannan a danginku, wa zai fara sunkuyawa?

Son ci gaba ba laifi ba ne. Ka nemi na ɗaya a aji, ka nemi zama wani abu. Amma ranar da aka ba wani abin da kake ganin naka ne, ka tuna da dattijon nan a bakin ƙofar Sakkwato, ka je ka yi wa ɗan'uwanka murna, ka koma kan allonka. Mahaƙurci mawadaci.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi da Shehu da Bello da sauran magabatanmu, Ya ba mu zuciya mai natsuwa, Ya raba mu da son girman da ke raba zumunci. Amin.

Wassalamu alaikum.