Rosalind Franklin da Hoto Mai Lamba 51

Tun muna sakandare aka cusa mana sunan Watson da Crick a matsayin waɗanda suka gano siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon kamanni daga iyaye zuwa 'ya'ya. Ni dai sai da na shigo shekarar ƙarshe na san cewa ma'aunan da suka dogara da su daga ɗakin gwajin wata mata suka fito.

An haifi Rosalind Franklin a Landan a 1920. Ta karanta kimiyyar sinadarai a Jami'ar Kambirij, ta yi digirin digirgir a 1945 a kan gawayin kwal. A Faris ta ƙware wajen haska abu da hasken eksire, ta karanta tsarinsa daga tabon da ya bari a fim. A 1951 ta koma King's College a Landan, inda tun farko ba su jitu da Maurice Wilkins ba. Shi yana ganin tare za su yi aikin DNA, ita kuwa an shaida mata nata ne.

Aikin fa na haƙuri ne. Ta daidaita danshin da ke kewaye da zaren DNA, har ta gano yana da siffa biyu, busasshiya da jiƙaƙƙiya, abin da ya daɗe yana dagula hotunan wasu. Da Watson da Crick suka nuna mata samfurinsu na farko mai zare uku, nan take ta nuna musu kuskurensu: fosfet a waje yake, ba a ciki ba. A Mayun 1952 ɗalibinta Raymond Gosling ya ɗauki hoto mai lamba 51. Alamar X ta fito raɗau, shaidar cewa abin a murɗe yake.

A Janairun 1953 Wilkins ya nuna wa Watson hoton ba da saninta ba, sannan rahoton ma'aunanta ya isa hannun Crick. Cikin 'yan makonni suka haɗa tsanin nan murɗaɗɗe mai zare biyu, A na kama T, G na kama C. Idan zaren suka rabu, kowanne ya zama madubin da za a kwafi ɗan'uwansa, kun ga yadda gado ke tafiya ke nan. Basirarsu ba abin musu ba ce. Amma duk wanda ya taɓa yini a lab yana awo, wani ya zo ya kwashe sakamakon, ya san inda abin ke ciwo. Mujallar Nature ta buga takardu uku ranar 25 ga Afrilu 1953, tata ce ta ƙarshe, sai ka ce goyon baya kawai ta zo yi.

Ta koma Kwalejin Birkbeck, ta duƙufa kan ƙwayar cutar da ke kama ganyen taba, daga baya ta shan'inna. Sankarar ƙwan mahaifa ta yi ajalinta a Afrilun 1958, tana da shekara 37. A 1962 Watson da Crick da Wilkins suka karɓi kyautar Nobel.